Tarwadar Rijiyar Gide

Gide mai haƙar rijiya ya bar rijiyoyi a ƙasar nan tun daga Daudawa har Damari, amma wadda yake ji da ita ita ce ta ƙofar gidansa, a wata 'yar unguwa da ke bayan kasuwar 'Yankara, daidai inda tudu ke sunkuyawa zuwa fadama. Ita ce ya haƙa don Allah. Ranar da ruwa ya ɓullo ya fito caɓa-caɓa da laka, ya ce sadaka ce, mutum ya sha, dabba ta sha. Sannan ya yi abin da yake yi wa kowace rijiyar da ta fito daga hannunsa: ya gangara fadama ya kamo ɗan kifi, tarwada da ba ta wuce tsawon yatsa ba, ya sa a guga ya zura a hankali.

"Muddin kihin ga shina raye, ku sha ruwanku hankali kwance," in ji shi ga matan da suka kewaye bakin rijiyar. "Shi ka cinye ƙwari da tsutsa. In wani mugun abu ya hwaɗa ciki, shi za ya riga ku sani, don shi za ya riga ku mutuwa."

Maganar ta zauna a unguwar daram. Ko yarinya aka aika ɗiban ruwa, sai ta leƙa ta ga ɗan motsin baƙin abu can ƙasa kafin ta saki igiya.

Da Gide ya rasu, liman ya gaya wa matarsa Suwaibatu cewa muddin maƙogwaro ɗaya na jiƙewa da ruwan nan, ladan na iske mamacin inda yake kwance. Suwaibatu ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Duk gugan da aka jawo, sai ta ga kamar wani sanyi ne ke ɗiga a hankali a kan ƙasar kabarinsa. Har fushi takan yi da matan da suka wuce rijiyar suka tafi rafi wanki, ta bi su da harara tana tambayar ranta me Gide ya yi musu.

Shi kuwa kifin ya girma ya kai tsawon damtse. Baƙi ne, mai faɗin kai, ga gashin baki, ga rashin son mutane. In aka ɗora masa hula aka ba shi goro, Gide ke nan ba ragi. Suwaibatu ba ta taɓa cewa shi ne ba, a'uzubillahi, Musulma ce ta san inda matattu suke. Abin da ta sani kawai shi ne magana na bukatar inda za ta sauka. Da hantsi, in mata sun watse, sai ta jingina ƙirji da bakin rijiyar, ta ga fuskarta can ƙasa a tsakiyar wani ɗan kewayen sararin sama, gajimare na wucewa ta bayan kanta, ta shiga ba da labari: akuya ta haihu, katangar baya ta zube, gero ya yi kyau a gonar tudu. Kifin yakan taso ya gilma ta cikin fuskar tata, ya kaɗa wutsiya, ya nutse. Iyakar amsarsa ke nan, kuma ko Gide da ransa ba ya wuce haka.

Sai shekarun nan suka zo da kuɗin man fetur suka ɓalle wa ƙasa. Manyan motoci ɗauke da siminti da taki suka riƙa keta 'Yankara ba tsayawa, kwanon rufi ya fara ƙyalli a gidajen da ko ƙyaure ba su da shi a da, samari suka rataya rediyo a wuyan keke. Kowane wata da sabon abin da ake ginawa, wani a gama, wani a bar wa ƙadangaru. A cikin waɗanda aka gama har da kwamin wankan shanu, a kan tudun da ke saman unguwarsu. Dogon rami ne na siminti, ana cika shi da ruwa a zuba maganin kaska, a koro shanu su faɗa ɗaya bayan ɗaya, su yi iyo su fita ta ɗaya gefen. Makiyaya har daga wajen Sabuwa suke korowa.

Suwaibatu tana son kallon abin daga ƙofar gida. Fararen shanu su ɓace cikin ƙasa, sai ƙahoni kaɗai ke tafiya a jere, can su ɓullo suna sheƙi, su tsaya a gangare ruwan na zuba daga jikinsu. In ruwan kwamin ya yi datti, sai a buɗe shi ya tafi wani rami da ke baya, ƙasa ta shanye. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ita dai ta gaya wa rijiya cewa yanzu shanu ma wanka ake yi musu, saura a sa musu kwalli.

A damina ta biyun ne kifin ya canza hali. Wata safiya ta jawo guga ta ji ya yi nauyi, da ya iso baki sai ga shi kwance a ciki. Kifin da shekara da shekaru ko inuwar guga ya gani sai ya nutse! Ta tsaya igiya a hannu. Bai yi tsalle ba, bai buɗe ƙayoyinsa ba. Ta sa yatsa ta shafa kansa, ya kwanta mata lamo, bakinsa na buɗewa yana rufewa a hankali kamar mai son faɗin wani abu ya rasa ta inda zai fara. Baƙinsa ya ɗan koɗe ya koma toka-toka, kan ya fi jikin girma. Ta ce a ranta tsufa ne, wa ya tsira.

Daga ranar sai ya zama kusan kullum. Ta zura guga, ya shigo, ta jawo shi, su gaisa, ta mayar. Ta daina jin kaɗaicin da ke zaune mata a ƙirji tun rasuwar. Ta tuna yadda Gide ya yi laushi a shekarunsa na ƙarshe, har yakan zauna kusa da ita tana tankaɗe ba don komai ba. Wani daɗi ya riƙa ɗaukarta da rana tsaka, ta manta tuwo a wuta. Matan unguwa suka ce albarkar mai rijiya ce, har kifinsa ya san iyalinsa, suka ƙara yarda da ruwan.

A cikin wannan daɗin ne aka kawo 'yarta Lauratu daga Ƙanƙara goyon ciki, don haihuwar fari a gidan iyaye ake yinta. Lauratu kuwa ita ce 'yar farin Suwaibatu, saboda haka akwai kunya a tsakani. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan", ko "waccan". Ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta yabonta, ba ta tambayarta ina ke ciwo. In za ta ba ta abu sai ta ajiye a ƙasa ta kau da kai. Sonta kuwa kamar ta haɗiye ta. Duk abin da ba ta iya gaya wa 'yar, rijiya take gaya wa: ƙafarta ta kumbura, jiya ta ci tuwo sosai, dariyarta irin taka ce.

Lauratu ta yi watanninta tana shan ruwan rijiyar ubanta, ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji. Aka shiga jego. Larai ungozoma, tsohuwar maƙwabciyarsu mai faɗa da kowa har da kaji, ita ta karɓi wankan: safe da yamma a tafasa babbar tukunya, a tsoma ganye a fyaɗa wa mai jego, sannan a dama mata kunun kanwa ta sha har ta gaji. Ruwan wanka, ruwan kunu, ruwan sha, duk Suwaibatu ke jawowa da hannunta, ba ta yarda kowa ya taya ta. Tana jin kamar Gide ne da kansa ke shayar da 'yarsa da jikansa, ita miƙawa kawai take yi.

Sai dai mai jegon ba ta murmure ba. An yi suna, an ci naman rago, kwanaki suna ta tafiya, ita kuwa kullum a kwance. Ta ce cikinta na murɗawa, tafin ƙafarta na yi mata kamar tana taka tururuwa. In ta ɗauki jariri sai hannunta ya gaji. Suwaibatu daga bayan zana take jin duk wannan, tana yin kamar tsintsiya take nema.

"Jininta ne bai dawo ba," in ji Larai. "'Yan yau ba su da ƙwari. A ƙara mata kunu, a ƙara ruwan wanka."

Aka ƙara.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, Malam Sanusi malamin dabbobi ya gangaro daga kwamin ya jingine babur ɗinsa a gindin durumin da ke bakin rijiyar. Saurayi ne siriri ɗan Faskari, mai yawan gaisuwa, wanda aka turo kwanan baya ya kula da wankan shanun. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi ruwan wanke hannu. Suwaibatu ta jawo guga, sai ga kifin a ciki kamar yadda ya saba. Ta yi murmushi, don tana son baƙo ya gani.

Malam Sanusi bai yi murmushi ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Inna, tun yaushe shika yin haka?"

"Tun damina. Da can ko kallo bai yarda a yi mishi ba. Yanzu ya san mutanenshi."

"Shina cin abinci?"

Sai a lokacin Suwaibatu ta lura. Gaskiya ɗan tsakin da take watsa masa ya daɗe yana yawo a saman ruwa ba a taɓa ba.

Saurayin ya ɗaga kai ya dubi tudu, ya dubi rijiya, ya sake duban tudu, kamar mai auna gangaren da ido. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Inna, ki gahwarce ni, ni ma ban da tabbas. Cikin maganin da muke zuba ma shanu akwai wata guba, asinik ake ce mata. In ta narke cikin ruwa ba a ganinta, ba a jin ɗanɗanonta. Da na zo na iske simintin kwamin ya tsage, ramin da ake zubar da ruwan kuma bisa kanku shike. Ina tsoron ta biyo ƙasa."

"Ai ga kihi nan da ranshi," in ji Suwaibatu. "Mai rijiya ya ce in mugun abu ya shiga, shi za ya hwara mutuwa."

"In mai yawa ce, haka ne. In kaɗan-kaɗan take shiga, ba ta kashe shi da wuri. A makaranta an nuna muna. Jininshi take bi, ya ragu, ya tsinke, ya koɗe. Hanta ta lalace, abin da ya ci bai zama jiki, sai shi koma cin kitsen jikinshi har shi ƙare. Ƙarhin gudu shi tahi. Shi ya sa za ki ga ya taso sama, ya bari a taɓa shi. Ba sabo ba ne, Inna. Gajiya ce."

Suwaibatu ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a baya. Sannan sai fushi ya taso.

"Kai yaro, ka san ko rijiyar wa ce wagga?"

"Na sani, Inna. Zan aika da ruwan birni a auna, amma kahin amsa ta dawo an daɗe, kuma kullum sha ake yi. Hanya mai sauri guda ce. A yanka shi a duba jinin da hantar."

Ta mayar da kifin cikin rijiya a hankali, ta naɗe igiyarta, ta ce ya gaida gida. Ko ruwan wanke hannun ba ta ba shi ba. Ya bi gida-gida ya gaya wa mazan unguwa, suka saurare shi da ladabi, suka ce Allah ya kyauta. Matan kuwa suka leƙa, suka ga baƙin abu na motsi, suka saki igiyoyinsu. Larai ta ce yaron da bai san yadda ake cire wa saniya kaska da hannu ba shi zai koya musu shan ruwa.

Suwaibatu ta so ta manta, abin ya ƙi mantuwa. In maganar yaron gaskiya ce, sai a rufe rijiya. In aka rufe rijiya, sanyin nan da ke ɗiga a kabarin Gide ya tsaya, kuma da hannunta ta tsayar. Ta yi tunanin ta riƙa ɗebo wa 'yarta ruwa a ɓoye daga rijiyar masallacin kasuwa, ta bar unguwa da tasu. Amma ta yaya za ta zauna a ƙofar gida tana kallon 'ya'yan mutane na shan abin da ta hana nata? Kuma matan nan ba za su bari ba muddin kifin na motsi. Gide ne ya ce musu, kuma Gide bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Washegari bayan azahar ta zauna a gindin durumi tana tsinke zogale, iska mai ɗumi na kaɗawa, barci ya sace ta. Ta ga tana sauka cikin rijiyar ta 'yan matakan da Gide ya sassaƙa a jikin bango, ƙafa nan, ƙafa can, ruwan bai jiƙa ta ba. Can ƙasa wuri ne mai faɗi, haskensa kore-kore, fararen shanu na wucewa ta sama a jere ba ƙarar kofato. Ga Gide zaune a kan buzunsa, dagin haƙarsa a gefe, ya rame, kansa ya fi jikinsa girma. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta durƙusa ta miƙa masa kamar yadda ta saba in ya dawo daga aiki. Ya sa tafin hannu ya rufe bakin ƙoƙon. Ta sake miƙawa, ya sake rufewa. Bakinsa na buɗewa yana rufewa, ba ta jin komai. Ta ce, Malam, ɗaga murya mana, kai kullum sai an ja maka magana. Ya dube ta da idon nan nasa na haƙuri, ya juya kai ya dubi wajen gida.

Ƙarar faɗuwar abu ce ta tashe ta. A cikin gida ne. Ta jiyo muryar Larai tana cewa, "Ke wace irin mai jego ce ko ƙoƙon kunu ba ki iya riƙewa? Ni ban taɓa ganin jinin da ya ƙi dawowa irin naki ba. Bari in sake dama wani."

Jini. Ya ragu, ya tsinke, ya koɗe. Suwaibatu ta zauna zogale a cinya, ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta tashi ta hau tudu da kanta, ita da ba ta taɓa taka wajen kwamin ba, ta iske Malam Sanusi yana wanke bokiti.

"Gobe da hantsi ka zo," ta ce. "Ka taho da wata tarwada daga wani ruwan, mai lahiya. In za a duba, a duba biyu. Ba a kunyata mamaci da zato."

Washegari da hantsi matan unguwa suka taru a bakin rijiya, wasu da tulu, wasu da goyo. Malam Sanusi ya zo da tarwada a bokiti, wadda aka kamo daga wani rafi can nesa da tudun. Ita kam sai da aka yi kokawa da ita. Ta yi tsalle, ta watsa wa Larai ruwa a fuska, ta sha zagi, sannan aka danne ta. Suwaibatu ce ta karɓi wuƙa, don tun tana yarinya take gyaran kifi. Ta yanka a kan faranti. Jini ya fito ja wur, mai kauri, ya kama bakin wuƙa. Ta ɗaga murfin kunnen, inda kifi ke numfashi, cikin ja kamar nunannen barkono. Hantar sumul, mai duhun ja.

Sannan ta zura guga.

Ta yi fatan kada ya shigo. Ta roƙi Allah a ranta ya ba shi ƙarfin gudu na yau kaɗai, ya nutse can ƙasa kamar da, ta ce wa yaron nan ka gani. Igiya ta yi nauyi. Ta jawo, ga shi kwance, ya ɗora kai a gefen guga inda hannunta ya saba sauka. Ta ɗauko shi, bai fi nauyin tsumma ba. Ba wanda ya danne shi, don bai motsa ba. Ta shafa kan sau ɗaya, ta yi bisimilla.

Abin da ya fito da ƙyar za a kira shi jini. Ruwa ne tsararo, ja-ja kaɗan, kamar zoɓon da aka jiƙa karo na uku, ya gangara a faranti ya tsaya kusa da na ɗayan. Cikin kunnen fari-fari, ya koɗe. Hantar ta kumbura ta yi rawaya, da ta taɓa ta da tsinin wuƙa sai ta fashe. Babu kitse ko na shafawa, cikin kuma wayam, ba abinci.

Wata mata ta sauke tulunta a hankali ta tuntsurar da ruwan da ta riga ta ɗiba. Malam Sanusi ya sunkuyar da kai, ya ce yau ɗin nan zai rufe kwamin, duk wanda zai yi faɗa ya yi, kuma zai nemo mota a kai mai jego asibiti. In an daina shan ruwan, jiki yakan wanke kansa a hankali.

Suwaibatu ba ta ji rabin abin da ya ce ba. Tana kallon kifin ne. Duk watannin nan da yake shigowa guga yana buɗe baki a hannunta, ashe ba gaisuwa yake ba. Ciwo yake nuna mata. Ita kuwa tana shafa kansa tana ba shi labarin akuya, ta mayar da shi cikin abin da ke cinsa, ta ɗebi ruwan ta kai wa 'yarta. Baƙin ciki ya cika ta.

"A sa itace a ruhe rijiyar," ta ce. "A ɗora ƙaya."

"To ladan Gide hwa?" in ji Larai, muryarta ta yi laushi yau.

"Ya ce kihin za ya riga mu sani. Ya riga mu. Mu ne ba mu ji ba." Suwaibatu ta goge wuƙar a ƙasa. "A haƙa rami mai zurhi a binne kihin, kar kyanwa ta ci."

Ta shiga gida hannunta ba wanki. A ɗakin jego Lauratu na zaune jingine da bango, jariri na barci a gefenta, ta tallabo ƙoƙon kunu da hannu biyu tana ƙoƙarin kai shi baki. Suwaibatu ta karɓe ƙoƙon ta ajiye can nesa. Ta durƙusa a gabanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kama fuskar 'yarta da tafukan hannu ta juyo da ita wajen hasken ƙofa. Lauratu ta firgita, ta nemi sunkuyar da kai. Uwar ta riƙe. Ashe akwai ɗan tabo a gefen girarta, ashe hancin na Gide ne sak. Ta sa babban yatsa ta jawo fatar idon ƙasa ta duba ciki.

Fari-fari ne, ya koɗe. Launin da ta baro a faranti.

"Lauratu," ta ce.

Sunan ya fito mata a karkace, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Yarinyar ta waiga bayanta, ta ga bango ne kawai, ta juyo idonta ya cika da hawaye.

"Inna, ni kike kira?"

"Lauratu, ina ke maki ciwo? Gaya mani duka. Tun daga hwarko."

Lauratu ta fara faɗi, tana yi tana tsayawa, uwar na riƙe da fuskarta ba ta saki ba. Daga waje ana jin maza na jan itace suna ɗorawa a bakin rijiya, guda bayan guda, har ƙarar ta daina amsawa daga ƙasa. Suwaibatu ta ji lokacin da aka ɗora na ƙarshe. Ba ta waiga ba. Da 'yar ta gama, ta gyara mata zani, ta ɗauki ƙoƙon kunun ta zubar a bayan ɗaki, ta ɗora tulu a ka ta kama hanyar rijiyar masallacin kasuwa.